Yadda uwa za ta zaɓi kayan da za ta sa a hoton iyali na lokacin kaka

A Amurka da Kanada da Ingila, da zarar Satumba ya raba tsakiya, masu ɗaukar hoto sukan fara cewa ba su da sauran gurbi. Al'adar mutanen can ce iyali su fita lambu ko bakin daji a watan Oktoba, lokacin da ganyen itatuwa ya rine ja da rawaya da ruwan goro, a ɗauki hoton shekara. Su sukan buga nasu a katin gaisuwar ƙarshen shekara. Mutanenmu mazauna can su ma sun shiga layi, kuma da dalili mai kyau: akwai iyaye a Kano da Damagaram da Kumasi da ke son ganin yadda jikoki suka girma, kuma hoton da aka ɗauka da natsuwa ya fi wanda aka fizga a waya daraja a bangon falo.

Abin da ke damuna shi ne yadda uwa ke zama ta ƙarshe a wannan shiri. Ita ce za ta nemo mai hoto, ta sayi wa yara suwaita, ta goge kaftanin maigida, sai ana gobe za a fita ta buɗe akwati ta jawo duk abin da hannunta ya faɗa kai. Bayan mako 2 hotuna su fito, kowa ya yi fes, ita kuwa tana can gefe tana gyara mayafi, ta ƙanƙame jiki saboda sanyi. Shawarata ita ce a juya tsarin. Kayan uwa ake fara zaɓa, sannan a ɗora na kowa a kansu. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: san wuri, san rana, san awa

Kafin ki taɓa akwati, 'yar'uwa, ki samo amsar abu uku daga wajen mai hoto: ina za a ɗauka, wace rana, ƙarfe nawa. Launin da zai yi miki kyau ya dogara da abin da zai kasance a bayanki. A arewa maso gabashin Amurka, jihohi irin su Bamont da Men, ganye yakan kai ƙarshen rinuwarsa tun farkon Oktoba zuwa tsakiyarsa. A birnin Niyok, wurare irin su babban lambun Central Park, sai ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Inda bishiyar mapul ta yi yawa, wato wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada, ja ne da ruwan goro za su mamaye bayanki. A Landan da kewaye an fi ganin rawaya da ruwan ƙasa, sama kuma sau da yawa a lumshe take. Ki roƙi mai hoton ta turo miki hotunan da ta ɗauka a wannan wurin bara a irin wannan mako. Da su za ki yi aiki.

Yawancin masu hoto sun fi son awa ta ƙarshe kafin faɗuwar rana, saboda haskenta mai taushi ne, ba ya sa mutum runtse ido. A wajenmu wannan lokacin yana tsakanin la'asar da magariba ne, don haka a tsara yadda za a yi la'asar kafin a fita, a kuma san inda magariba za ta riski mutane. Ki lura da canjin agogo. A Ingila ana mayar da agogo baya da awa 1 ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a yawancin sassan Amurka da Kanada kuma Lahadin farko ta Nuwamba. Bayan wannan canjin, a Niyok ko Landan rana kan faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma. Da rana ta sunkuya, sanyi ke sauka. Yinin da aka yi da digiri 16 a ma'aunin Salshiyas zai iya komawa kusan digiri 10 kafin a gama. Wannan lissafin shi ne zai yanke hukunci a kan yadin da za ki sa.

Mataki na 2: buɗe akwatinki kafin ki buɗe jakar kuɗi

Yawancinmu muna da kayan da suka fi ƙarfin wannan hoton a ajiye: atamfofin lefe da ba a ɗinka ba, leshin bikin ƙanwa da aka sa sau ɗaya, abayar da aka zo da ita daga Umara. Ki fito da guda 4 ko 5 da kike jin daɗinsu, ki gwada kowanne a jikinki na yau. Jiki yana canzawa da haihuwa da shekaru, kuma ba abin kunya ba ne. Rigar da sai kin riƙe numfashi zif ɗinta ke rufuwa, ki mayar da ita akwati. Fuskar mai matsattsen kaya ba ta sakewa a hoto, komai ƙwarewar mai ɗauka.

In ɗinki za ki bayar, ki fara da wuri. Idan telarki tana gida Najeriya ko Nijar, ki ba da aikin mako 6 zuwa 8 kafin ranar, domin sai an sayo yadi a Kantin Kwari ko wata kasuwar, an ɗinka, an samu mai tahowa ko an aiko ta kamfanin aika kaya, sannan ki gwada, wataƙila a rage ko a buɗa. Ki aika sabon awo, kada ki ce a duba na bara. Kuma ki tanadi kaya na biyu daga cikin na akwati, ko da ɗinkin bai iso ba.

Mataki na 3: launi, inda aikin yake

Nan ne ya kamata ki daɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce tunda kaka ce, bari a sa ruwan goro da rawaya don a dace da ganye. Sai hoto ya fito an rasa inda uwa ta tsaya da inda bishiya ta fara. Abin da ake so shi ne launin da zai zauna lafiya da ganyen, amma ya fitar da ke daga cikinsa.

Idan bayanki ja ne da ruwan goro, launukan da suka fi fitar da mutum su ne shuɗi mai duhu, kore mai duhu irin na kwalba, shuɗi mai sirkin kore, da ruwan madara. Shuɗi kishiyar ruwan goro ne a ido, shi ya sa mace cikin shuɗiyar atamfa a gaban jajayen ganye take fitowa tas. Idan bayanki rawaya ne da ruwan ƙasa, to ruwan hanta, ruwan makuba, shunayya mai duhu da jan garura mai nauyi duk suna yin kyau. Ruwan zuma da ruwan gwal sun fi dacewa a matsayin ratsi ko adon zare, ko a mayafi, maimakon su zama kayan gaba ɗaya.

Akwai launuka 3 da nake ba da shawarar a yi hattara da su. Na farko fari fat. Fatarmu mai duhu ce, kuma idan farin yadi mai haske ya kewaye fuska, kyamara takan rasa wanda za ta bi: in ta gyara wa yadin haske, fuska ta yi duhu, in ta gyara wa fuska, yadin ya wanke ya zama fili babu ado. Ƙwararriyar mai hoto za ta iya shawo kan wannan, amma me ya sa za ki ɗora mata? Ruwan madara ko ruwan alkama suna ba da irin tsaftar da kike nema ba tare da wannan rikicin ba. Na biyu baƙi daga sama har ƙasa. Na san da yawa daga cikinmu baƙar abaya ce suturarsu, kuma ba na cewa a bar ta. Sai dai a hasken yamma baƙi yakan haɗiye duk aikin da ke jikinsa, ya zama dunƙule ɗaya. In baƙar abaya za ki sa, ki yafa mayafi mai launi, ruwan hanta ko ruwan zuma, ko ki zaɓi buɗaɗɗiyar abaya a kan doguwar riga mai launi. Na uku launuka masu tsananin haske irin koren lemun tsami da ruwan hoda mai kashe ido. Suna mayar da haskensu a haɓa da wuya, sai ki ga fatar ta ɗauki wani launi da ba nata ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne launin da ke dab da fuskarki, wato mayafi ko ɗankwali ko hijabi. Gwajinsa ba wuya. Ki tsaya a bakin taga da rana, ki kashe fitilar ɗaki, ki yafa mayafan ɗaya bayan ɗaya, ki ɗauki kanki a waya. Za ki ga wanda ya sa idonki haske da wanda ya sa ki kamar wadda ta kwana ba barci. Kada ki yi wannan gwajin da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, zai ruɗe ki. Mai duhun fata sosai takan haska cikin shuɗi mai ƙarfi, kore mai duhu, ruwan gwal da ja. Wankan tarwaɗa takan yi kyau da ruwan makuba, ruwan hanta da koren zaitun. Mai hasken fata ta guji ruwan alkamar da ya yi daidai da launin fatarta, don zai shafe ta. Wannan duk jagora ne kawai, hoton bakin tagar shi ne alƙali.

Mataki na 4: yadi da zanensa

Atamfa ta fi kowane yadi kyau a irin wannan hoton, a ganina, domin auduga ce, ba ta ƙyalli, launinta kuma yana fitowa cikakke a hasken yamma. Amma a duba zanen. Manyan furanni ko manyan zobba masu launi 2 zuwa 4 suna fitowa da kyau daga nesa. Zane ƙanana-ƙanana masu cunkoso, ko siraran layuka da suka matsu da juna, suna iya sa hoto ya riƙa wani irin rawa a ido, musamman a allon waya. Ki rataye atamfar a ƙofa, ki ja baya taku 10, ki ɗauke ta a waya. Idan zanen ya dagule ya zama launi ɗaya mara suna, ki nemi wata. Ba sai Holan ko Sufa ba. Kyamara ba ta karanta sunan kamfanin da ke bakin zani, launi da zaman ɗinki kawai take gani.

Shadda akwai kwarjini, musamman irin su Getzner, amma tana da aibi 2 a nan. Ƙyallinta yana mayar da haske, kuma da kin zauna a mota na minti 30 ta yi layi-layi a cinya da baya. In ita kike so, ki zaɓi mai duhu, ki kuma shimfiɗa rigar da kyau kafin ki zauna. Leshi mai duwatsu da ƙyalƙyali na zauren biki ne da fitilun dare. A cikin itatuwa da busasshen ganye yakan yi kamar an yi ɓatan hanya. Leshin auduga mara duwatsu, mai shafi a ciki, ya fi dacewa, sai dai ki tuna huda-hudarsa iska ke bi. Yadi mai kauri irin karan-miski yana da ɗumi, kuma kore ko ruwan hanta a karan-miski yana yin kyau ƙwarai a wannan yanayin.

Yanzu maganar sanyi. Atamfa an yi ta ne don zafin ƙasarmu, ba ta tare iskar Oktoba ko kaɗan. Maganin shi ne a sa ɗumi daga ciki: rigar sanyi siririya mai dogon hannu mai bin jiki, irin Heattech ta kamfanin tufafi na Uniqlo ko makamanciyarta, da dogon wando mai kama ƙafa a ƙarƙashin zani ko siket. Ki zaɓi baƙa ko mai launin fatarki, mai faɗin wuya yadda ba za ta leƙo ba. In sabon ɗinki ne, ki gaya wa telar tun farko: “Hajiya, a ƙara min inci 1 a ƙirji da hannu, zan sa wata a ciki, kuma a yi mata shafi.” In tsohon ɗinki ne, ki gwada shi tare da ta cikin. Daga waje kuma, babban mayafi mai kauri irin na ulu yana yin aiki biyu, sutura da ɗumi, kuma ya fi jaket mai kumbura kyau nesa ba kusa ba. Doguwar kwat mara ado, ruwan ƙasa ko ruwan toka, ita ma tana zama da kyau a kan doguwar rigar atamfa, har a ɗauki wasu hotunan da ita.

Mataki na 5: ɗinkin da zai bar ki ki motsa

Masu hoton iyali na yanzu ba sa jera mutane su ƙame kamar hoton fasfo. Za a ce ku taho kuna tafiya riƙe da hannun juna, ku zauna a kan bargo, ki ɗaga ƙaramin, ki sunkuya ki rungumi ta tsakiya. Ɗinkin da ya matse gwiwa ya buɗe a ƙasa ba zai bar ki ki yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Doguwar riga mai buɗewa daga ƙugu, ko bubu mai matsakaicin faɗi, ko riga da siket mai sakin ƙasa, su ne suka fi. Riga da zani ma daidai ne in kin saba da ɗauri, amma ki ɗaure da igiya a ciki, don yaro na iya jan zani a tsakiyar lambu.

Bubu yana da kyau, sai dai in ya cika faɗi kuma yadin yana da tauri, yakan sa mace ta yi faɗin da ba nata ba, musamman in an ɗauke ta daga gefe. Yadi mai laushi da ke zuba, ko ɗinkin da aka ɗan kama daga ciki a ƙarƙashin ƙirji, yana gyara wannan ba tare da ya bayyana jiki ba.

Tsawo kuma a auna shi da takalmin da za ki sa a ranar. Ciyawar kaka a jiƙe take, ganyen da ya zube yana riƙe ruwa da laka. Rigar da ke jan ƙasa za ta yi baƙin baki cikin minti 5. Ki bar ta ta tsaya a idon sawu ko ƙasa da shi kaɗan.

Mai shayarwa ta sa a yi mata zif a gaba, ko ta sa riga da siket, ta kuma guji yadi mai santsi mara zane, wanda ɗigo ɗaya ke bayyana a kansa. Atamfa mai zane tana rufa asiri a wannan fannin. Mai ciki ta zaɓi rigar da aka yanka daga ƙarƙashin ƙirji, kuma in ɗinki za a yi, a lissafa da makonnin da suka rage kafin ranar. Mai jego kuwa kada ta ce a ɗaga hoton sai ta rame. Jaririn ba zai jira ba, kuma shi ne zai fi kowa son ganin hoton nan gaba.

Kafin ki yanke shawara ta ƙarshe, ki sa kayan gaba ɗaya, ki zauna a ƙasa, ki tashi, ki ɗaga hannu sama, ki ɗauki yaro a kafaɗa. Ki sa wani ya ɗauke ki ta gaba da gefe da baya. Inda ya ɗage ko ya buɗe ko ya matse, yanzu ne lokacin gyara.

Mataki na 6: kai, ƙafa da ƙananan abubuwa

Iska ce abokiyar gabar mayafi. Siririn gyale mai santsi yana da kyau in iska ta ɗan kaɗa shi, amma in ta yi ƙarfi, rabin lokacin zai tafi wajen kamo shi. Ki sa hular ciki, ki kama mayafin da fil ko maganaɗisu a kafaɗa da ƙarƙashin haɓa, ko ki zaɓi yadi mai ɗan nauyi da ba ya zamewa. In kayanki masu zane ne, mayafin ya zama mara zane, a ɗauko launinsa daga ɗaya daga cikin launukan atamfar.

Ɗaurin ɗankwali ya zama wanda kika iya, wanda za ki gyara da kanki ba madubi. Ture-ka-ga-tsiya da aka turo gaba sosai yana jefa inuwa a goshi da idanu, sai a ɗan ja shi baya. Babban gwaggwaro kuwa yana tare fuskar wanda ke tsaye a bayanki, kuma in an ce ku haɗa kai da maigida ko da yara, shi zai fara isa. A ajiye shi sai ranar biki.

Takalmi mai tsini yana nutsewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ki sa but mai faɗin dunduniya ko sau-ciki, ruwan ƙasa ko baƙi, da safa. A ƙarƙashin doguwar riga bakinsa kawai za a gani. Sarƙa da 'yan kunne a taƙaita: abu ɗaya ya yi magana, sauran su yi shiru. Mai goyon da ya fara kama abu ta bar dogayen 'yan kunne a gida. In tabaranki irin mai yin duhu a rana ne, ki zo da wani, in ba haka ba idanunki ba za su fito ba ko a hoto ɗaya.

Hannun uwa yana fitowa sosai a hoton iyali, don kullum yana kan kafaɗar wani ko yana riƙe da wani. Saboda haka lalle yana da amfani. Jan lalle a yi shi kwana 2 kafin ranar, lokacin ne launinsa ke nuna. Baƙin da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi kuwa a yi hattara, yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa. Kada a gwada shi karon farko ana saura kwana kaɗan, kada kuma a sa wa yara. Kwalliyar fuska ta zama irin wadda 'ya'yanki suka san ki da ita, a ɗan ƙara kaɗan. Hodar da ta fi fatarki haske takan fito toka-toka a hoto. Ki shafa mai a hannu da leɓe, don sanyin can yana busar da fata da wuri.

Mataki na 7: sai a ɗora sauran iyali a kanki

Mun saba da anko, kuma anko yana da daɗi a biki. A hoton mutum 5 ko 6 da suka matsu wuri ɗaya, atamfa iri ɗaya a jikin kowa takan haɗe ta zama bango guda mai kawuna a sama, ga kuma ganye mai launi a baya yana nasa. Abin da ya fi shi ne ke kaɗai ki sa babban zane, sauran su ɗauki launukansa.

A ce atamfarki shuɗi ce mai duhu da furanni ruwan zuma da ɗan ratsin ruwan madara. Maigida ya sa kaftani mara ado, shuɗi mai duhu ko ruwan toka, da hular da ke da zaren ruwan zuma a aikinta. Babban ɗa ya sa ruwan madara. 'Yar budurwa ta sa doguwar riga ruwan zuma da mayafi ruwan madara. Ƙaramar a ɗinka mata 'yar riga ko ɗankwali daga ragowar atamfarki, tunda turmi yadi 6 ne, in doguwar riga aka yi miki akan samu saura. Haka za a ga jini ɗaya ne, kowa kuma da kamanninsa. Launi 3 ko 4 sun isa duka gidan.

Idan maigida ya ce farar shaddarsa zai sa, a lallaɓa shi: “Abban yara, don Allah wannan karon a sa mai ruwan tokar nan, farar a bar ta sai Juma'a.” Yaran da aka haifa a can, musamman samari, wani lokaci ba sa son kayan gida a bainar jama'a. Kada a mayar da abin faɗa. Suwaita mara rubutu a launin da aka zaɓa da wando mai duhu sun wadatar, ya fi a samu kaftani da ɗaurarriyar fuska. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne riga mai babban tambari ko hoton zane-zanen yara, da takalmi mai walƙiya.

In Hajiya mahaifiyarki ko mahaifiyar maigida ta zo ziyara kuma za ta shiga hoton, tsarin ya ɗan canza. A je a same ta: “Mama, wane kaya kike so ki sa?” Abin da ta zaɓa, sai ki daidaita naki da shi, a kuma tanadar mata kujera da abin rufa mai kauri, don sanyi ya fi kama manya.

Bayan an gama zaɓe, ki shimfiɗa kayan kowa a kan gado da rana, har huluna da takalma, ki ɗauka a waya ki tura wa mai hoton. Ta san wurin, ta san haskensa, za ta gaya miki in wani abu ya yi tsalle ya fita daga sahu.

Abu ɗaya da ake mantawa

Yawancin masu hoto a can suna da takardar yarjejeniya, kuma sau da yawa akwai layin da ya ba su damar sa hotunanku a Instagram ko shafinsu don talla. In ba ki so hotonki ko na 'ya'yanki ya fita, ki faɗa tun kafin ki biya, a rubuta. Sanin cewa hoton na gida ne kawai yana iya canza abin da za ki sa, ko gyale ko hijabi. In kin fi sakewa a gaban mace, ki nemi mace. Suna da yawa a wannan sana'ar.

Ana gobe, da ranar kanta

Ana gobe a goge komai a rataye, kowa da nasa wuri. A haɗa jaka: fil, madubi ƙarami, hoda, man leɓe, tsumman goge hannu, mayafi na biyu, kayan canji na jariri, bargon zama mara zane, da abin taɓawa da ba ya ɓata kaya, irin biskit ko yankakken tuffa. Cakulan da lemo mai launi su jira a mota.

Ranar kuma ki ciyar da kowa kafin a sa kaya. Ki fara yin wankanki da kwalliyarki da ɗaurinki tun yara suna wasa, ki zura tsohuwar riga a kai, ki shirya su, sannan ki sa kayanki minti 10 kafin fita. Jariri a sa masa nasa a wurin hoton, bayan ya sha ya yi gyatsa. Ku isa da minti 15 a hannu, musamman in gajeren zama ne na minti 20 da wasu iyalan ke jira a bayanku. Wayoyi da makullai a fitar da su daga aljihun kaftani, don suna kumbura gefe. Kafin a tashi, ki ce wa mai hoton ta ɗauke ki da kowane yaro shi kaɗai, sannan ke da maigida, sannan ke kaɗai.